Na'urar Rage Shan Mai da Direban Yammacin Zamfara

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya shelanta cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lissafin duk mai abin hawa a Nijeriya ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a Abuja a watan Yulin shekarar, kafin Oktoban 2024 ya ƙare kuwa ta tsallake 1,000. Wannan farashin gidajen mai ne na manyan birane. Direban da ke ɗauko fasinja daga Gummi ya bi ta Daki Takwas da Anka ya fita Mayanci, ko ɗan kabu-kabun da ke kutsawa ƙauyukan Bukkuyum, sau da yawa a hannun 'yan bumburutu yake sayen nasa, tare da ƙarin da nisa da haɗarin hanya suka ɗora a kai. Mutumin da rabin cinikinsa na yini ke tafiya a tanki ba ya buƙatar dogon lallashi idan aka ce masa ga wata 'yar na'ura da za ta rage masa shan mai.

Irin waɗannan na'urori sun daɗe a duniya, kuma duk lokacin da mai ya yi tsada tallarsu kan farfaɗo. A yau ta wayar hannu take iske mutane, a Facebook da WhatsApp da kasuwannin intanet, don haka nisan gari daga Legas ko Kano ba ya kare kowa daga gare ta. Wata ana cusa ta ne a ramin kunna sigari na mota. Wata kuma a soket mai ƙofofi 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD, inda bakanike ke jona na'urarsa ta binciken inji. Akwai 'yar uwarsu ta cikin gida, ɗan akwati da ake maƙalawa a soket ɗin bango da sunan zai rage kuɗin wuta. Alkawarinsu ɗaya ne: a jona kawai, ba kwance inji, ba kuɗin aiki, ragi ya zo da kansa.

Tambayar da masu saye suka fi yi ita ce ko na'urar za ta lalata musu mota. Tambaya ce mai kyau, sai dai amsarta tana da ban mamaki. Cikin waɗannan na'urori, wadda ba ta taɓa lafiyar inji ita ce wadda ba ta yin komai. Wadda kuwa ke taɓa aikin inji da gaske, ita ce abar tsoro. Tsakanin biyun babu wurin da ragin da aka yi alkawari zai zauna.

Abin da ke cikin ƙwanson

A shekarar 2017 masu bincike na kamfanin Quarkslab da ke Faransa sun sayi ɗaya daga cikin fitattun na'urorin soket ɗin OBD, mai suna Nitro OBD2, suka fasa ta, suka bi wayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Tallarta na cewa tana karantar yadda direba ke tuƙi, sannan ta sake tsara kwamfutar inji. Abin da suka tarar shi ne ba ta aika wa kwamfutar mota ko da saƙo ɗaya, ba ta ma da ɓangaren da zai ba ta damar yin hakan. Aikinta kawai shi ne kunna wasu 'yan ƙananan fitilu suna ƙyaftawa, don mai kallo ya ɗauka ana wata tattaunawa a ciki. Kafin wannan, mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada Fuel Doctor FD-47, wadda ake cusawa a ramin sigari, ba ta ga bambanci a shan mai ba. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka kuwa, tun daga shekarun 1970, ta auna na'urori da sinadarai sama da 100 masu irin wannan da'awa, ba ta samu ko ɗaya da ya kawo ragi na a zo a gani ba, ta kuma lura cewa wasunsu na iya cutar da inji ko ƙara hayaƙi.

Ba sai an dogara da gwajin Turawa kaɗai ba, domin hankali ma yana iya bin sawun maganar. Masu na'urar ramin sigari suna cewa tana daidaita wutar mota ne, ta tace ta, sai inji ya samu sauƙi. To amma batirin mota shi kansa babban madaidaici ne, kuma 'yar kafasitar da ke cikin na'urar, idan aka kwatanta ta da shi, kamar a ɗebo ruwa a moɗa ne a zuba a madatsar Bakolori da niyyar ƙara mata zurfi. Sannan kwamfutar inji tana da nata matacin wuta tun daga masana'anta. Masu cewa mota na zubar da mai ba tare da ƙona shi ba su ma sun kauce. Lafiyayyen injin fetur yana ƙona kusan dukkan man da ya shiga cikinsa. Asarar tana zuwa ne bayan ƙonewar, domin kashi biyu cikin uku na ƙarfin, ko fiye, yana fita a matsayin zafi ta salansa da lagireto. Wannan asara daga ginin injin take, kuma babu abin da za a cusa a ramin sigari ya isa gare ta.

Akwai kuma hujjar kasuwa, wadda kowane ɗan tireda zai gane. Toyota da Volkswagen da Honda suna kashe maƙudan kuɗi kowace shekara don su rage shan man motocinsu da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, saboda dokokin ƙasashen da suke sayarwa da kuma gasar da ke tsakaninsu. Da a ce ɗan ƙwanson roba mai fitila uku yana rage kashi 20 ko 30, da tuni sun saka shi a kowace mota tun kafin ta bar masana'anta.

Me ya sa mai saye ke rantsuwa ta yi masa aiki

Kuskure ne a ɗauki duk direban da ya yabi na'urar a matsayin maƙaryaci ko wawa. Gaskiyar abin da ya gani yake faɗa, matsalar tana wurin awo. Kafin a san ko shan mai ya ragu, sai an san lita nawa aka zuba da kilomita nawa aka yi, a hanya ɗaya, da kaya ɗaya, sau da yawa. Direban haya a wannan yanki da kuɗi yake sayen mai, na dubu goma ko na dubu ashirin, alhali farashin lita na motsi daga mako zuwa mako. Galan ɗin ɗan bumburutu na Anka ba lallai ya yi daidai da na Gummi ba. A tsofaffin Golf da Sharon da ke jigila, allurar tanki da agogon kilomita sukan daɗe da mutuwa. Yau fasinja shida ne da buhu biyu, gobe tara ne da buhu biyar. A cikin wannan hargitsi, ragin kashi 10 ko ƙarin kashi 10 duk suna iya ɓuya ba a gan su ba.

Sannan ga halin ɗan Adam. Wanda ya kashe kuɗinsa a kan na'ura yakan sassauta ƙafa a kan totur a makon farko ba tare da ya lura ba, yana sauraron inji, yana kaffa-kaffa. Sassaucin ƙafar yana rage shan mai da gaske, sai yabon ya tafi ga ƙwanson roba. Bayan wata guda tsohuwar ɗabi'a ta dawo, ragin ya tafi, amma shaidar da ya bayar a tasha ta riga ta yi nisa, kuma mutum ba ya son ya koma ya ce an ci kuɗinsa.

Inda haɗarin yake

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: na'urar da ba ta yin komai, idan an ƙera ta da kyau, haɗarinta kaɗan ne. Amma kaɗan ɗin ba ɗaya yake a ko'ina ba. Ƙofa ta 16 ta soket ɗin OBD tana ɗauke da wutar batir kai tsaye, ko an zare makulli. Duk abin da aka bari a jone yana tsotsar batir dare da rana. A ƙaddara na'urar na jan miliamfiya 30, wato kusan kashi bakwai cikin goma na amfiya-awa a yini. Sabon batir mai amfiya-awa 60 ba zai damu da wannan ba sai bayan makonni. Tsohon batir kuwa, wanda zafin bazara ya riga ya cinye rabin ransa, wanda ake tura mota da safe kafin ya farka, wannan ɗan tsotso na iya zama abin da zai ƙarasa shi. Wasu na'urorin masu arha sukan hana kwamfutocin mota yin barci bayan an kashe inji, sai tsotson ya ninka.

A Jamus ko Ingila, mutuwar batir ɓata lokaci ce: a kira masu gyara, a jira. A hanyar Anka zuwa Bagega, ko a dajin da ke tsakanin Bukkuyum da Gummi, motar da ta ƙi tashi da la'asar sakaliya maganar rai ce, ta direba da ta fasinjojinsa. Shekaru fiye da goma ke nan 'yan bindiga na tare hanyoyin wannan yanki suna kwasar matafiya. Duk wanda zai auna amincin wata na'ura ga mutanen nan, dole ya saka wannan a ma'auni, abin da babu wani gwajin da aka yi a Turai ko Amurka da ya saka.

Haɗari na biyu gobara ce. Kayan da ake ƙerawa don a sayar da arha, ba tare da wata hukuma ta duba ba, sukan zo da walda mai rauni da ƙusoshin da ba su zauna daidai ba. Idan wayoyi biyu suka haɗu a ciki, fiyus ne ya kamata ya ƙone ya yanke wutar. Kowa ya san abin da ake yi wa fiyus a garejojinmu na Arewa: idan ya ƙone, sai a naɗe shi da silin waya ko takardar sigari a mayar. Motar da aka yi wa haka ba ta da mai tsaronta. Waya za ta yi ja, robarta ta narke a bayan dashbod, a motar da wataƙila akwai jarkar fetur a but ɗinta, domin tun bayan matakan da gwamnatin Bello Matawalle ta ɗauka a 2021 na taƙaita sayar da mai da hana zuba shi a jarka, direbobin karkara suka ƙara koyon cewa mai ba abin da ake samu a ko'ina ba ne. A gwajin da mujallar Popular Mechanics ta yi a 2005, ɗaya daga cikin na'urorin da aka ɗaura ta tayar da wuta a injin motar gwajin, a hannun ƙwararru, a cikin gareji.

Mafi muni su ne waɗanda ke aiki da gaske. Injin fetur yana son kusan awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na mai, kuma kwamfutarsa tana kiyaye wannan ta hanyar na'urar da ke shinshinar hayaƙi a salansa. Akwai kayan da ake ɗaurawa su yaudari kwamfutar, su sa ta rage man da take fesawa, ko su buɗe wata kafa iska ta ƙaru. Idan mai ya yi ƙaranci a cikin cakuɗar, ƙonewar takan ƙara zafi, inji ya riƙa ƙwanƙwasa, bawul da fistin su ci wuya. A watan Afrilu, lokacin da zafin yammacin Zamfara ke haura digiri 40, ga lodi ya wuce ƙa'ida, wannan hanya ce ta kai inji ga makwanci. Garin neman gira sai a rasa ido: litar da aka tsimi a wata shida ba za ta sayi rabin injin Belgium ba.

Akwatin bango da kalmar wuta

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane kilowat-awa, sai akwatin rage kuɗin wuta ya samu tasa kasuwar. Abin da ke cikinsa, galibi, kafasita ce da fitila. A nan ne maganar ta shigo gonar masu nazarin harshe, domin yaudarar akwatin a cikin kalma take zaune.

Bahaushe yana kiran abubuwa da dama da suna ɗaya: wuta. Ta murhu wuta ce, ta fitila wuta ce, ta NEPA wuta ce. A cikin ta lantarkin ma akwai abubuwa huɗu mabambanta da injiniya ke aunawa da ma'auni huɗu, amma a bakin mai magana duk wuta ce ko ƙarfin wuta. Misalin ruwa zai taimaka. Tsayin tanki shi ke ba ruwa matsi, wannan shi ne abin da ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da ke gudu a cikin tiyo shi ne abin da ake aunawa da amfiya. Jarkokin da aka cika a ƙarshe su ne makamashin da aka ci, wato kilowat-awa, kuma a kan jarka ɗan garuwa ke karɓar kuɗi. Kayan da ke da mota a cikinsu, irin su fanka da firji, suna sa wani ɓangare na ruwan ya riƙa kai da komo a cikin tiyo ba tare da ya faɗa jarka ba. Kafasita na iya rage wannan kai da komo. Mai talla sai ya maƙala ma'aunin amfiya a waya, ya jona akwatinsa, lamba ta sauka a gaban idon kowa, ya ce wuta ta ragu. A Hausar yau da kullum bai ma yi ƙarya ba. Sai dai mitar gida jarka take ƙirgawa, kuma adadin jarka bai canza ba. Cibiyar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta yi wannan bayani a wata takarda da ta fitar a 2009, inda ta nuna cewa irin wannan akwati ba ya rage wa mai gida kuɗin wuta.

A yammacin Zamfara abin ya fi haka ban takaici. Gidan da ba shi da mita, wanda ake kawo wa takardar kuɗi ta ƙiyasi, ko da akwatin yana aiki ba abin da zai rage, tunda ba a auna komai ba tun farko. Ƙauyuka da yawa ma ba su kan layin wutar gwamnati, da ƙaramin injin janareta ko sola da inbata suke rayuwa. Ɗora kafasita a kan ƙaramin janareta marar lodi na iya sa matsin wutarsa ya hau, ya ƙone caja da talabijin. Idan kuma ba a saka mata abin da zai sauke cajinta ba, takan riƙe wuta bayan an zare ta daga bango, yaron da ya taɓa ƙusoshin ya sha girgiza. A 2022 ƙungiyar masu sayayya ta Which? a Birtaniya ta gwada irin waɗannan akwatuna da ake sayarwa a intanet, ta same su sun kasa cika ƙa'idojin kariya daga gobara da jan wuta.

Darasin Tungar Daji

Mutanen wannan yanki sun riga sun biya farashi mai tsanani a kan cutar da ido ba ya gani. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bincike ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Tungar Daji na cikin ƙauyuka bakwai da aka kankare ƙasarsu tsakanin 2010 da 2011, tare da Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da Duza da Tungar Guru, kafin a kai ga Bagega a 2013. Ba daidai ba ne a haɗa girman wannan musiba da maganar ƙwanson roba a mota, kuma ba a nufin haka. Abin da ya haɗa su shi ne hanyar gane gaskiya. Ƙurar dalma ba ta da wari, ba ta da launin da zai bambanta ta da sauran ƙura, kuma magidancin da ke cewa ya daɗe yana niƙa bai ga komai ba, gaskiyar idonsa yake faɗa. Sai da aka zo da na'urar auna ƙasa da ta auna jini, sannan aka samu masu fassara sakamakon da Hausar da uwa za ta gane, kafin al'amarin ya fara juyawa. Karin maganar nan ta gani ya kori ji tana da iyaka, kuma a Tungar Daji aka ga iyakarta.

Akwai ma wata 'yar igiya da ta haɗa batutuwan biyu kai tsaye, ko da yake siririya ce. Batirin mota da na sola cike suke da dalma. Duk abin da ke gajarta ransu yana ƙara yawan matattun batura da ke komawa hannun 'yan gwangwan, inda ake fasa su a fili.

Aikin da ke jiran sassan Hausa

Hausa ta kwatanta mota da mai rai: tana shan mai, tana tari, tana mutuwa, tana tashi. Abin da ke sha fiye da kima kuwa magani ake nema masa, kuma kalmar magani a Hausa ta haɗa na asibiti da na gargajiya da duk wata mafita. Mai tallar na'ura yana shiga ta wannan ƙofa cikin sauƙi, da salon da aka saba ji daga lasifikar mai magani a ranar kasuwa: shaidar wanda ya gwada, tabbacin ba ya cutarwa, da gargaɗin cewa saura kaɗan. Bambancin shi ne, a fannin magani shekarun wayar da kai sun koya wa mutane su tambayi lambar NAFDAC. A fannin na'ura babu irin wannan ɗabi'a, kuma babu kalmomin da za a yi tambayar da su.

Wannan giɓi ba na injiniyoyi kaɗai ba ne. Tun 1949 Rupert East da Abubakar Imam suka nuna a littafin Ikon Allah cewa Hausa na iya ɗaukar bayanin kimiyya. Aikin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990 ya yi wa nazarin harshe da adabi hidima, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuma ya tattara abin da ke bakin jama'a. Amma Hausar gareji, wadda miliyoyin mutane ke cin abinci da ita, har yanzu ba ta samu kulawar da ta kai ta waƙar baka ko ta fim ba, ko da yake tana cike da abin nazari: yadda aka kira matacin hayaƙin salansa indomi saboda kamanninsa, yadda kwamfutar inji ta zama ƙwaƙwalwa. Ana iya gwada matsin lantarki da kwararar lantarki da makamashi a matsayin sunayen abubuwa ukun da kalmar wuta ta haɗiye. Sai dai kalmar da aka ƙirƙira a ɗakin taro ba ta rayuwa sai mai gyaran wayarin ya karɓe ta, don haka a bakin garejin ya kamata a gwada su, a bar wadda ta zauna a harshensa.

Dokoki kam akwai su. Hukumar SON tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su, dokar FCCPC ta 2018 ta haramta yaudarar mai saye, dokar ARCON ta 2022 kuma ta wajabta tantance talla kafin a sake ta. Amma ƙunshin da bai kai girman akwatin ashana biyu ba, wanda aka yi tallarsa da saƙon murya na Hausa a WhatsApp, da wuya ya gamu da ɗaya daga cikinsu a hanya. Abin da ya fi kusa shi ne cibiyoyin da ke jihar. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara da ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda suna da ɗakunan gwaji da ɗalibai masu neman aikin kammala karatu. Sayen na'ura biyar daga kasuwa, a fasa su, a auna abin da suke ja daga batir, a gwada su a mota ɗaya daga cikon tanki zuwa cikon tanki ba tare da direban ya san ranar da aka jona ba, aiki ne na zango ɗaya. Mayar da sakamakon Hausar da za a saurara a rediyo da ofishin ƙungiyar direbobi na tasha, wannan rabon masu Hausa ne na Jami'ar Tarayya ta Gusau da ta Usmanu Ɗanfodiyo.

Direban da aka raba da na'urarsa yana da haƙƙin a gaya masa abin da ke aiki. Iskar taya idan ta yi ƙasa tana ƙara shan mai da 'yan kaso kaɗan, kuma awonta kusan kyauta ne. A babur da tsohuwar mota mai kafireto, matacin iska da ƙurar hunturu ta toshe yana sa inji ya sha mai fiye da kima. Cire tamostat, wanda kanikawa da yawa ke yi da sunan maganin zafi, yana barin inji cikin sanyi, kwamfuta ta yi ta ƙara masa mai tana jiran ya ɗumama. Na'urar shinshinar hayaƙi idan ta mutu, ko aka yanke wayarta lokacin cire indomi, tana iya jawo asara mafi girma duka. Shawarar rage gudu da rage lodi gaskiya ce a kimiyyance, amma mai ba da ita ya san cewa akwai wuraren da direba ba ya iya tafiya a hankali a hanyar Anka, kuma buhun da ya ƙara a saman mota shi ne ribarsa ta ranar.

Wanda ya riga ya saya kuma bai yarda ya jefar ba, aƙalla ya riƙa zare ta duk lokacin da ya kashe mota, kada ya bar ta ta kwana a jone. Ya kuma sa mai wayarin ya buɗe akwatin fiyus a gabansa, a ciro duk wanda aka naɗe da waya, a saka sabo mai lambar da aka rubuta a murfin. Kuɗin fiyus ɗaya bai kai na litar mai ba.